Yumɓu a Hannun Ajara

Shekarar da wuta ta cinye gonaki, aka koro mutanenmu daga Legas, ita ce shekarar da Ajara ta daina barin 'yarmu ta yi barci.

Ni gyaran keke nake yi a unguwar Changli, a bakin hanya, ƙarƙashin wata darbejiya. Ajara matata kuma nas ce a ɗakin yara na asibiti. Mutane sun yi ta mamakin yadda mai karatu irinta ta yarda da ni. Ni ma na yi mamakin, amma wannan wani zance ne. Da can mace ce mai dariya. In ta dawo daga aiki sai ta rataye farar hularta a ƙusa, ta tsaya tsakar gida tana kwaikwayon tafiyar Dokta Tetteh, babban likitansu, hannu a baya, ciki a gaba, har sai na ƙware da ruwa.

To sai yunwa ta shigo, ƙyanda ta biyo bayanta. Ni a wajen aikina abin da na gani kaɗan ne: babu taya, babu gam na faci, mutane suna cusa tsumma a ƙafar keke suna hawa haka nan. Ita kuwa abin da take gani ba ta faɗa. Ta dawo, ta rataye hular, ta zauna tana kallon bango. Sau ɗaya ne kawai ta buɗe baki. Wani yaro ne aka kawo daga ƙauye, ta samu ya lafa, ta bar shi ta tafi ƙarshen ɗaki neman jijiyar wata yarinya. Da ta dawo ta tarar ya rasu.

"Barci yake yi, Baban Azeta," in ji ta. "Da idona na gan shi. Barci yake yi."

Daga ranar nan ne abin ya fara. Azeta 'yarmu a lokacin ta soma tafiya, ana maganar yaye. Da zarar ta kwanta, sai uwar ta matso. Ta ɗora bayan hannu a goshinta. Ta sa yatsu a wuyanta. Ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, ta tsunkuli fatar cikinta ta ga ko za ta koma, ta kara kunne a ƙirjinta. Duk wannan bai ishe ta ba, sai ta girgiza ta har ta tsala kuka. Kukan ne kaɗai ke kwantar wa Ajara da hankali. Sai ta rungume ta tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri. An jima kaɗan yarinya ta koma barci, a sake daga farko. Rana haka, dare haka.

Yarinyar ta rame. Ba yunwa ba ce, don ko me aka samu ita ake fara ba. Ta koma mai rigima, tana gyangyaɗi a tsaye, in ta ga uwarta ta miƙo hannu sai ta gudu bayan ƙafata. Na yi magana sau biyu ko uku, a hankali. Ajara ta dube ni ta ce, "Kai keke kake gyarawa. In keke ya tsaya, gobe ma yana nan." Gaskiyarta ce.

Ana cikin haka Yaya Ayisha ta zo daga Salaga neman masara. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A gidanmu kuwa 'yar fari ta namiji ta goggonta ce, da an yaye ta za a kai mata riƙo. Ranar sunan Azeta Ajara ta durƙusa ta roƙe ta, Yaya ta ce ta bar mana. To amma bari ne na alheri, ba wai hakkinta ya faɗi ba.

Kwana biyu ta yi da mu tana kallo. Ranar da za ta koma na rako ta tasha, na ɗaura mata ɗan abin da ta samu a kariyar keke.

"Mutaru."

"Na'am, Yaya."

"Matarka ba muguwa ba ce. Amma yarinyar can za ta lalace a hannunta, kana tsaye kana murza hula."

"Aikin ne, Yaya. Abubuwan da take gani."

"Ni ma na binne biyu, ban hana sauran barci ba." Ta gyara mayafi. "In motar Salaga ta sake samun mai zan dawo. In na tarar da abin nan yadda na bar shi, da Azeta zan tafi. Kuma kada ka buɗe baki ka roƙe ni, ka san ba na son in ƙi ka."

Salaga a shekarar nan ba kusa ba ce. Mota sai ta yi makonni ba ta tashi ba. In aka tafi da Azeta, Allah kaɗai ya san ranar da uwarta za ta sake ganinta, kuma na san abin da hakan zai yi wa Ajara. Na gaya mata da na koma gida. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, sai na ji Azeta ta fashe da kuka.

Tun daga nan ban ƙara zama daram a wajen aiki ba. Kowace babbar mota ta wuce sai na ɗaga kai. In ɗaura sarƙa, in kwance, in manta inda na ajiye sifana alhali tana hannuna.

Wata safiya sai ga Sista Emelia ta turo kekenta. Ita ce shugabar nas-nas, mutuniyar kudu ce, gajeriya mai murya kamar ta soja. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

"Mijin Ajara! Duba wannan, iska ya gudu kuma."

Na juya keken, na fara cire taya. Ta zauna a bencina tana fifita da hankici.

"Matarka ba shi da lafiya," ta ce. "Ba zazzaɓi ba. Nan." Ta dafa ƙirji. "Ni ma haka. Dokta Tetteh ya fi mu duka, jiya kujera ya yi wa faɗa. Kujera, Mutaru! Ya ce don me ya tsaya a hanya."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta ce akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane a unguwar Kukuo, Mma Safiatu, da jikanta ya kwanta wajensu ya tashi. Sista ta roƙe ta ta riƙa zuwa ran Asabar da rana tana koya wa ma'aikata gini.

"Na ce wa manyan ofis randar ruwa za mu yi, famfo ba ya kawowa. Sun ce to. Amma ni ba randa nake nema ba. Ina so hannunsu ya taɓa abin da ba ya kuka. Kai kana da kariya mai ƙarfi, kai za ka ɗauko yumɓu. Kuma ka kawo matarka, ko a buhu ne."

Bayan ɗakin wanki na asibiti aka yi abin, ƙarƙashin wani mangwaro. Mutum takwas ne ko tara, wasu ma da kayan aiki a jikinsu. Na sauke yumɓu, na koma gefe da Azeta a cinyata. Mma Safiatu ta baje kayanta a ƙasa: sakaina, totuwar masara, wani ɗan dutse mai santsi, tsumma. Shi ke nan. Dokta Tetteh ya sunkuya ya dube su.

"Mma, ina injin?"

"Wane inji, ɗana?"

"Wanda ke juya tukunyar."

"Ai kai ne injin," ta ce. "Tukunya tana zaune, kai kake zagaya ta."

Haka kuwa aka yi. A murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, a ɗora, a danne da yatsa, mutum yana sunkuye yana ja da baya yana zagaye abinsa. Ka ga manyan mutane, waɗanda in sun shigo ɗaki kowa ke miƙewa, suna kewaya curin laka da baya da baya, suna karo da juna. Wata nas, Akosua, ta ce jiri take ji. Dokta ya gina wani abu, Sista Emelia ta ce hular ɗan sanda ce. Ya ce a'a, sabon samfuri ne, mutanen arewa ba su waye da shi ba tukuna. Mma ta ce in ya gama ya ba ta ta kife wa kaza.

Ajara ta ƙi zama. Tana tsaye, hannu a harɗe, ido a kan tagar ɗakin yara.

"Sista, yara suna can ciki, mu muna nan muna wasan laka?"

"Akwai mutum a ciki. Ba lokacinka ba ne. Ka zauna."

"Ni gara in koma in..."

"Ajara! Wa ne babba, ni ko kai?"

Ta durƙusa ba don ta so ba. Da farko dukan yumɓun take yi kamar ya yi mata laifi. Can sai na ga kafaɗunta sun sauko. Hannunta mai kyau ne, hannun da ya saba neman jijiya a jikin jariri. Bakin tukunyarta ya fito sirit, daidai, har Mma ta tsaya a kanta ta ce, "Wannan 'yar, a gidanku akwai magina?" Ajara ta girgiza kai. Ban ga dariya ba, amma na ga wurin da dariyar take zama da.

Da aka gama aka jera tukwanen a wani tsohon sito, Mma ta lulluɓe su da buhuna masu ɗan danshi. Ta ce zafin nan na bazara ba ya ƙaunar ɗanyar tukunya, sai ta bushe a hankali, a duhu. Kada wanda ya buɗe sai ta dawo. Kowa ya ce to.

Asabar ta zagayo, aka yaye buhuna. Duk sun tsage. Wata daga baki har gindi, wata gindin ne ya fita. Ta Ajara ta rabe biyu kamar an sa wuƙa. Mma ta ɗauki ɓari ta shinshina, ta ɗanɗana, ta ce ƙila yumɓun ne, ta ce in ɗebo a wani ramin. Na ɗebo. Aka sake gini, aka sake rufewa. Suka sake tsagewa.

A gida kuwa babu abin da ya canza, sai ma abin da ya ƙaru. Yanzu Ajara tana tashin Azeta, kuma tana zancen tukunya. Ko me na yi ba daidai ba? Ko bangon ya yi kauri? Ta tashi, ta zauna, ta leƙa waje, ta dawo. Wani direba kuma ya gaya mini an ce man fetur ya iso Kumasi can kudu, ana sa ran ya hau arewa. Ban gaya mata ba.

Karo na uku da aka buɗe aka tarar da ɓaraguzai, Mma Safiatu ta zauna a ƙasa tana kallonsu. Sannan ta fara tattara sakainarta da dutsenta tana ƙullewa a tsumma.

"Madam, ki yafe mini," ta ce wa Sista Emelia. "Tun ina yarinya nake gini, ban taɓa ganin haka ba. Ko dai hannuna ne ya tsufa, ko kuwa wurin nan ne ba ya karɓar tukunya. Gidan da rai ke fita kullum, ƙila ƙasa ba ta son kwana a cikinsa. Ga shi na rufe su da hannuna, ba wanda ya taɓa."

Dokta Tetteh ya yi gyaran murya, ya dubi sama.

"To... taɓawa dai, ba taɓawa sosai ba. Ni da safe kawai, in na gama zagayen marasa lafiya, sai in biyo in ɗaga buhun in ga yadda ta kwana."

"Ei, Dokta!" in ji Akosua. "Ashe kai ne kake barin ƙofa a buɗe? Ni da azahar nake zuwa. Har nakan fito da tawa ta ɗan sha iska."

"Iska!" Mma ta dafe kai.

"Ni juya nawa kawai nake yi," Sista Emelia ta ce a hankali, "kada ya kwanta a gefe ɗaya ya yi gyambo."

Nan fa wuri ya kece da dariya. Kowa ya fara tona kansa. Wani ya ce shi yayyafa mata ruwa yake yi in ya ji ta yi zafi. Dokta ya rantse ya taɓa ganin Akosua tana ɗora wa tukunya bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi, ta ce ƙarya ne, shi ne ma ya ƙwanƙwasa tasa yana saurare. Mma tana dariya tana share hawaye. "Ku kam Allah ya shirye ku. Ni na ɗauka aljanu ne, ashe likitoci ne."

Ajara kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana durƙushe gaban ɓarayin tukunyarta tana ƙoƙarin haɗa su.

"Ke fa, 'yata?" Mma ta tambaye ta. "Sau nawa?"

"Ban sani ba. Duk sanda na fito." Muryarta ta yi ƙasa. "Mma, in ban duba ba fa? In na bar ta, na dawo na tarar ta mutu?"

Dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya gyara mata maganar. Dokta ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Mma ta kwance ƙullinta, ta sake baje kayan, ta tura wa Ajara curin yumɓu.

"Wata takan tsage ko an duba ko ba a duba ba," ta ce. "Wannan ba ni da maganinsa. Ungo, kwaɓa."

Aka koma gini, ba hayaniya kamar da. Azeta ta gaji da wasa da totuwa, ta ɓingire a kan tabarma kusa da ni. Ina ganin Ajara ta ɗago kai. Ta miƙe. Na ce a raina shi ke nan. Ta tako har bakin tabarmar, ta sunkuya, ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Hannun nata laka ce har gwiwa. Ta dubi hannun, ta dubi bokitin da kowa ke tsoma yatsa, ruwan ya koma kunu. Ajara kuwa tun da na san ta ba ta taɓa taɓa yaro da hannu mai datti ba, ko nata ko na wani. An dasa mata wannan tun a makarantar nas, ya zama jikinta. Ta yi tsaye a kan yarinyar, hannuwa a sama, tana kallo. Can ta juya ta koma wajen tukunyarta.

Azeta ta yi barci har inuwar mangwaro ta kai bangon sito. Rabon da ta yi irinsa na manta.

Da za a watse na bi Mma na ce ko za ta sam mini yumɓu kaɗan. Ba ta tambaye ni dalili ba. Na kai shi gida a tsohon kwano, na rufe da tsumma, na ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Ajara ta gani, ta gane nan take.

"Wato ka mai da ni mahaukaciya, ka kawo mini abin wasa."

"A'a. Na ga hannunki ya iya ne."

"Kada ka yi mini wayo, Baban Azeta. Ba ka iya ba."

Gaskiya ne, ban iya ba. Kwanon ya zauna nan. Kullum da safe nakan ɗiga masa ruwa kaɗan kada ya bushe, daga cikin garwar da nake ɗaukowa a madatsar ruwa, ita kuma takan tsallake shi kamar ba ta gani ba. An kwashe sababbin tukwanen an kai gidan Mma a Kukuo inda ba mai iya zuwa zagaye. Ajara ta yi ta zirga-zirga a makon nan kamar wadda ta bar abu a wuta. Azeta kuma ana nan ana tashinta.

Ranar wata Alhamis, bayan azahar, ina cikin ɗaure birki wani yaro ya ce mini an yi baƙuwa a gidanmu. Ban ko rufe akwatin kayan aiki ba.

Na tarar da Yaya Ayisha zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta sha ruwa, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya. A cinyarta akwai sabon zanen goyo, a ninke. Ba ta ɓoye shi ba. Ajara ta dawo daga aikin safe, ko kayan ba ta cire ba, tana tsaye jikin bango. Azeta tana ɗaki, ta yi barci, an bar ƙofa a buɗe saboda zafi.

Muka gaisa. Yaya ta ba da labarin hanya, yadda suka tura mota a wani kwari, yadda aka sauke su a shingen sojoji aka zazzage buhunan kowa. Tana magana, amma idonta na kan Ajara. Ajara kuma idonta na kan ƙofa. Ina ganin yatsunta suna motsi a jikin rigarta.

"Motar gobe da safe za ta juya," in ji Yaya. "Direban ya ce ba zai jira kowa ba."

Ajara ta taka zuwa ƙofar. Taku ɗaya ya rage ta shiga, ƙafarta ta bugi kwanon. Ta dube shi. Sai kawai ta durƙusa, da farar rigarta da komai, ta yaye tsumman, ta nutsa hannu biyu a ciki har wuyan hannu.

"Ikon Allah," Yaya ta ce. "Wannan kuma fa? Asibitin ne ya koma gini?"

"A can ake koya musu, Yaya," na ce.

"Da ba magani sai laka? To, Allah ya kyauta."

Ajara ta ci gaba da kwaɓa yumɓun. Ta jawo wani fasasshen kasko ta kafa gindi, ta murza igiyar yumɓu, ta ɗora, ta fara zagayawa da baya. Duk zagaye ɗaya sai fuskarta ta fuskanci ƙofa, ta saci kallo, ta wuce. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Bangon tukunyar yana tashi a karkace, ba kamar na asibiti ba. Ni na rasa inda zan sa kaina. Na zauna, na tashi, na gyara murfin garwa da ba abin da ya same shi.

Sai Azeta ta yi tari. Sau ɗaya, busasshe. Daga nan shiru.

Kafin in ƙifta ido Ajara tana bakin ƙofa, hannuwa a ɗage gaban ƙirjinta, laka tana gangarowa zuwa gwiwar hannu.

"Baban Azeta, ruwa. Zuba mini ruwa."

Na ɗebo a moɗa na zo na tsaya kusa da ita.

"Zuba mata mana," Yaya ta ce daga inda take zaune. Ba da faɗa ta faɗa ba. Hannunta yana kan zanen.

Na ɗaga moɗar. Ban iya hana Ajara abu ba, ban kuma taɓa gwadawa ba. Na ce, "In kin ce in zuba, zan zuba."

Ba ta dube ni ba. Tana kallon cikin ɗakin. Azeta tana kwance rigingine, hannu ɗaya a saman kai, bakinta a ɗan buɗe, haske daga taga ya faɗo a kan cikinta.

"Idona ba ya gani sosai," Ajara ta ce. "Duba mini. Cikin yana tashi?"

"Yana tashi."

"Ya sauka?"

"Ya sauka. Ga shi ya sake tashi."

"Ba da sauri ba?"

"Kamar dai na mai barci."

Muka tsaya nan. Hannuna ya gaji da riƙon moɗa, ban sauke ba. Lakar da ke hannunta ta fara bushewa tana yin fari a gefe-gefe. Wata akuya ta leƙo tsakar gida ta koma. Ƙuda ya sauka a ƙafar Azeta, ta ɗan motsa yatsun, ta juya ta ba mu baya, ta ja dogon numfashi.

"Tsaya tukuna," Ajara ta ce. "Kada ka zuba."

Ta koma wajen tukunyar. Ba ta ci gaba da gini nan da nan ba. Ta zauna a ƙasa, ta kifa goshi a gwiwa, hannuwan a miƙe gefe kada su ɓata rigar da ta riga ta ɓaci, kafaɗunta suna girgiza. Na mayar da ruwan cikin garwa.

Da aka kira la'asar Yaya ta tashi. Ta yi salla, ta dawo ta zauna. Ajara ta tashi sau biyu ta je bakin ƙofa, sau biyun tana dawowa. Sai da rana ta yi sanyi Azeta ta farka da kanta, ta fito tana murza ido, ta tsaya tana kallonmu. Ta wuce ni, ta wuce goggonta, ta je ta tsoma yatsa a tukunyar uwarta ta huda ta.

"Kai, 'yar nan!" in ji Ajara. Wani sauti ya fito mata, rabi kuka rabi dariya.

Washegari na raka Yaya tasha. Kafin mu fita ta tsaya a tsakar gida, ta dubi abin da Ajara ta gina, an rufe shi da tsumma a lungu.

"Wannan tukunya ce ko turmi?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya," Ajara ta ce.

"Hm." Ta ɗauki zanen goyon, ta juya shi a hannu, sannan ta rataye shi a ƙusar da Ajara ke rataye hularta. "Nauyi zai yi mini a hanya. Ku ajiye mini. Na san inda na bar shi, kuma labari yana zuwa Salaga ko mota ba ta zo ba."

A hanya ba ta yi mini maganar ba, sai da ta hau mota ta leƙo ta ce in daina murza hula, na girma.

Tukwanen da aka kai Kukuo, da aka toya su, wasu sun fita wasu sun fashe. Hular Dokta Tetteh ta fita lafiya lau, ya ɗora ta a teburinsa yana zuba biro. Ta Ajara ta yi 'yar tsaga a baki, ba ta riƙe ruwa, muna zuba gishiri in an samu. Ba zan ce ta warke ba. Ranar da aka yi rashi a ɗakinsu nakan gane tun daga yadda take jingine keke, kuma akwai ranakun da ba ta ko kallon kwanon, sai in ji kukan Azeta daga ɗaki. Zanen yana nan a ƙusa, hular tana kansa. Ran Asabar nakan ɗauko yumɓu buhu guda na asibiti, in ɗebi na gida a kwano kafin in kai musu.